Akwai Tsohuwa a Ciki

Ba wanda ya gaya wa Gwaggo Ladidi za a sayar da gidan. Bokitin farar ƙasa ta gani da safe a ƙofar ɗakinta, da Kamalu, ɗan ƙanenta marigayi, tsaye a kansa yana naɗe hannun riga.

"Gwaggo, za ki ɗan koma ɗakin ƙurya. Shafe za a yi wa wanga."

"Ɗakin ƙurya? Wanda anka fid da awaki saboda yoyo?"

"An gyara shi. Kwana biyu ne dai."

Ba ta yi musu ba. Macen da ta dawo gidan ubanta ba miji, ba ɗa mai rai, har ta tsufa a hannun ɗan ƙanenta, ta san iyakar inda muryarta ke kaiwa. Ta dafa sandarta. Rahama matar Kamalu ta ɗauko mata katifa da ƙwaryar daddawar da take sayarwa, suka ratsa tsakar gida har ƙarshensa.

Duk ɗakunan gidan an daɗe da yi musu rufin kwano. Wannan kaɗai ya rage da rufin ƙasa da azara, yadda mahaifinta ya gina shi. Bangonsa na baya shi ne katangar gidan ta wajen lungu, inda ruwan unguwa ke bi idan an yi ruwan sama. Shekara da shekaru ruwan yana cin gindin bangon, har ya tsage daga ƙasa zuwa sama. Gyaran da Kamalu ya ce an yi kuwa, tun daga ƙofa ta gan shi. An ɗinke buhunan taki an kafe su ƙarƙashin azara kamar silin, an jingina tsohon kabad a kan tsagar. Ta waje an bi da sabon yaɓe, an shafe da farar ƙasa tas.

Da ta kwanta da rana sai ta ji ƙasa na zuba a kan buhunan, sur, sur, kamar ana tankaɗe. Gara ce ke aikinta a cikin azara.

Damina ta kankama, Kaura Namoda kuma ta cika da baƙi. Mutanen ƙauyukan Shinkafi da Zurmi da Kurya Madaro, duk wanda ya tsira da abin hannunsa, cikin gari yake nema. Kuma ba wanda ke son sabon gida a bakin gari, inda 'yan bindiga ke fara taɓawa. Tsohon gida ake so, a tsakiyar mutane, inda lungu ya yi yawa babur ba ya gudu. Gidan su Kamalu irinsa ne, ga rijiya, ga fili, ga masallaci a bayansa.

Ranar da Mamuda dillali ya fara kawo masu dubawa, Gwaggo tana zaune tana gyaran kalwa. Ta ji an ce daga zaure, "Za a shigo." Rahama ta kwashi yara ta shige kicin. Kamalu ya leƙo da sauri ya saki labulen ɗakin ƙurya.

"Ki kwanta, Gwaggo. Maza ne."

Ta ji takunsu ɗaki ɗaki, ana buɗe ƙofa ana rufewa, Mamuda na zuba kamar rediyo. Har suka iso gaban labulenta.

"Wanga fa?" in ji wata baƙuwar murya.

"Akwai tsohuwa a ciki," in ji Kamalu, ya sassauta murya. "Ba ta da lafiya, kwance take."

"Ayya. Sannu Inna. Allah shi ba da lafiya."

Takun ya ja da baya. Wane namiji mai mutunci ne zai ɗaga labule a kan matar wani gida tana kwance? A nan Gwaggo Ladidi ta gane abin da ya kawo ta ɗakin. Kabad ya rufe tsagar bango, buhu ya rufe azara, ita kuma ta rufe ƙofa.

Da baƙin suka tafi ta kira shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ta lura tun da aka kawo ta bai taɓa wuce dokin ƙofar ba.

"Kamalu, sai da gidan za ka yi?"

"Ai kin ji."

"Ni ce ba ni da lafiya?"

"To gwiwarki fa? Ko ta warke ban sani ba?" Ya yi 'yar dariya. "Ni ban yi ƙarya ba, Gwaggo. Ke ba tsohuwa ba ce? Ba a ciki kike ba?"

"Rufin ga zai faɗi."

"Tun ina yaro ake cewa zai faɗi."

Ya jingina da bango ya fara jero mata dalilansa. Shi direba ne, hanyar Kaura zuwa Shinkafi yake bi, hanyar kuma ta zama ta mutuwa. An tare shi sau ɗaya, an tafi da fasinjojinsa daji, shi ya tsira a cikin gonar dawa. Ba zai jira na biyu ba. Gusau zai koma da iyalinsa, ya samu mai ba shi mota ta cikin gari. Ba shi da abin da zai ɗaga ya sayar sai gidan nan. Kowa kuma haka yake sayar da gida, ba wanda ke jan mai saye ya nuna masa inda gara ta ci.

Duk gaskiya ne. Ta san gaskiya ne, ita ta dafa masa ruwan zafi ranar da ya dawo ƙafafunsa duk ƙaya.

"To ni fa? In anka sai da shi, ina zan tahi?"

"Dalhatu zai ɗauke ki Zurmi. Mun yi magana."

Dalhatu ƙanensa ne. Da Rahama ta kira shi a waya wata rana, Gwaggo ta roƙa a ba ta su gaisa. Ta tambaye shi zancen. Ya ce, "Gwaggo, Zurmin da muke kwana da takalmi a ƙafa? In anka ce a gudu, wa zai goya ki? Bari dai mu gani." Katin ya ƙare.

Kwana biyun Kamalu suka yi ta tafiya. Ɗakinta ya bushe, ya yi fari fes, aka sa masa kwaɗo don kada yara su ɓata bango. Mamuda ba ya sanarwa kafin ya zo, saboda haka aka ce kada ta riƙa zama a tsakar gida. Wata rana wani mai dubawa ya shigo ya tarar da ita a gindin rijiya tana alwala, ya ce, "A'a, Inna ta samu sauƙi ke nan, bari mu leƙa ɗakin." Da ƙyar Kamalu ya juya shi da cewa kayan mata na shanye a ciki. Washegari sandarta ta ɓace.

"Na ajiye miki ne, Gwaggo," in ji Rahama, tana kallon ƙasa. "Yaran ga za su karya ta."

Ba sanda, ba tafiya. Aka kawo mata fo aka ajiye a bayan kabad. Matan unguwa da ke zuwa sayen daddawa, Rahama ta riƙa tare su a tsakar gida. "Jikin ne ya matsa mata, ta samu barci." Su yi addu'a su juya. Kalwar ta yi funfuna a cikin ƙwarya, aka zubar. Labari ya bazu a unguwa cewa Gwaggo Ladidi ta kwanta, har liman ya sa ta a addu'a.

Rahama ba muguwa ba ce. Takan kawo tuwo da zafinsa, ta tsuguna a bakin ƙofa ta ce, "Ki yi haƙuri Gwaggo, ni ma umarni anka ba ni. Da an saya shi ke nan." Amma ta hana 'ya'yanta shiga ɗakin. Ƙaramar ta taɓa rarrafowa wajen Gwaggo, uwar ta fizge ta kamar ta ga maciji.

Marka ta sauka. Buhunan suka yi ciki, suka riƙa ɗiga a wurare daban daban. Gwaggo ta ja katifarta kusurwar da ba ta yoyo, kusurwar ma ta fara. Da farko Kamalu ke cewa ta ɗan yi tari idan baƙi sun tsaya a ƙofa. Yanzu ba sai an ce ba. Danshi ya shige mata ƙirji, tarin ya zama nata.

Ana haka Mamuda ya kawo Alhaji Sha'aibu Jatau, wani mai sayen hatsi daga Badarawa ta wajen Shinkafi. Tun zuwansa na farko Gwaggo ta ji ba irin sauran ba ne. Ba ya sauri, ba ya amsa wa dillali.

"Alhaji, ginin da ne, ginin tsoron Allah," in ji Mamuda. "Irin wanga bango ko bindiga…"

"Mamuda, ka bari bangon shi yi magana da kanshi."

Ta ji yana ƙwanƙwasa bango da zobensa, yana saurare. Ya sa aka jawo ruwan rijiya ya kurɓa, ya tambaya ko tana ƙafewa da bazara. Ya shiga ban ɗaki ya daɗe, ya fito yana tambayar shekarar da aka haƙa masai da nisansa da rijiya. Ya hau tsani ya duba kwano, ya ƙirga inda tsatsa ta ci. A gaban labule ya tsaya kamar kowa, ya yi sannu, ya wuce.

Ya sake dawowa ba tare da dillali ba, ana tsakiyar ruwa, ya tsaya a zaure da lema yana kallon inda ruwan tsakar gida ke bi. Wata rana kuma bai shigo ba sam, masallacin bayan gida ya je ya yi la'asar don ya ga su wa ke cika sahu. Bayan sallah ya zauna a dakali da Malam Faruku liman, dakalin kuwa yana jikin lungu, daidai bayan kan Gwaggo. Ta tsagar bango maganarsu ke shigowa tare da iska.

"Malam, ni gudu ya kawo ni, ba na son in sake wani. Unguwar ga akwai masu kai ma 'yan bindiga rahoto daji?"

"Wallahi babu, Alhaji. Duk mun san juna tun kakanni."

"Matasa fa? Shaye-shaye?"

"Ba a rasa ba, amma ba a lungun ga ba."

"Wuta? Ruwa in an yi da yawa?"

"Wuta sai ta ga dama. Ruwa kuwa yana wucewa abinshi."

"Gidan kanshi, ba rigimar gado? Ba wani abin da ya kamata in sani?"

Gwaggo ta riƙe tarinta. Malam Faruku ya san tsagar nan, shi ya sha cewa a gyara kafin ta faɗo wa masu zuwa sallah. Ya ga ranar da aka yi mata yaɓe. Ya kuma san uban Ladidi ne ya gina gidan, ba a taɓa raba gadonsa ba.

"Mutanen kirki ne," in ji liman. "Ban san su da komai ba sai alheri."

Daga baya ta ji shi yana gaya wa ladan, "Ni ban shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa. Kamalu a gabana ya girma."

Da Alhaji ya gamsu da komai, sai ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Saura ɗaki guda. Ni ba zan shiga kan tsohuwa ba, ba tarbiyyata ba ce. Amma mai ɗakina za ta zo gobe ta gaishe ta, ta gane min cikinshi."

Kamalu ya ce to, ai ba komai. Muryarsa ce kawai ta canza.

Da safe gidan ya tashi da aiki. Rahama ta hau kujera tana bismillah, ta kafe zannuwan gado masu fure a ƙarƙashin buhunan. Aka share ƙasar da ta zubo, aka shimfiɗa leda, aka kunna turaren wuta har ɗakin ya yi duhu don a kashe warin danshi. Aka ba Gwaggo wankakken zane. Kamalu ya zo ya tsuguna a dokin ƙofa.

"Gwaggo, wanga shi ne na ƙarshe. In ya kuɓuce, hanyar Shinkafi zan koma. In anka kashe ni, ke za ki riƙe ɗiyan ga?"

Ya gyara tsuguno, ya ci gaba.

"Ban taɓa hana ki tuwo ba. Ban taɓa ce miki kin yi min nauyi ba. Gaisuwa kawai za ki amsa."

Amatullahi matar Alhaji ta zo bayan azahar, hadari na haɗuwa ta gabas. Mace ce doguwa, ramammiya, idonta irin na wanda ya daɗe bai yi barci ya ƙoshi ba. Ta cire takalmi ta shigo har gaban katifa ta durƙusa, ta ajiye ledar lemo. Rahama ta zauna a gefen ƙofa, rabin jikinta a waje.

"Sannu Inna. Ya jikin?"

"Da sauƙi, ɗiyata."

"Allah shi ƙara sauƙi. Kai, ɗakin ga da sanyi. Ginin ƙasa daban ne." Ta ɗaga kai ta dubi zannuwan. "Har da ado."

"Gwaggo ce ke son fure," in ji Rahama.

Amatullahi ta gyara zama, hira ta ɓalle mata kamar wadda ta daɗe ba ta samu mai saurare ba. Tun da suka baro Badarawa suke cunkushe a ɗakin haya guda bayan tasha, ita da yara da uwar Alhaji. Ƙaramin ɗanta ko murfin tukunya ya faɗi sai ya shige ƙarƙashin gado. Ba ta son komai a duniya yanzu sai ƙofar da za ta rufe ta ce tata ce.

"Tun da Alhaji ya kwatanta min gidan na ce wanga ɗaki na ɗiyana ne. Shi ne can ƙurya, nesa da titi. Ko an yi harbi, Allah shi kiyaye, harsashi ba ya huda ƙasa kamar kwano. Nan zan riƙa tara su in rufe, in samu in runtsa."

Ruwa ya fara sauka. Gwaggo ta ji shi a kan rufin, ta ji nauyin da ƙasa ke ɗauka, sautin da ta koya kamar muryar mutum. Ta dubi Rahama. Rahama ta girgiza mata kai a hankali, idonta ya cika da roƙo.

Ta tuna tuwon da ake kawo mata. Ta tuna ƙafafun Kamalu da ƙaya. Ba ta da kowa a duniya sai mutanen da suka sa ta a ɗakin nan, in ta buɗe baki kuma ba ta da wani gidan da za ta nufa. Ta buɗe baki don ta ce Allah ya sa albarka, tari ya sarƙe ta. Amatullahi ta matso ta dafa mata baya, tana shafawa a hankali har ya lafa. An daɗe ba wanda ya taɓa jikinta.

"Ɗiyata," in ji Gwaggo, "kar ki sa ɗiyanki a nan."

"Na'am, Inna?"

"Gwaggo, zazzaɓin ne ya…" in ji Rahama.

Gwaggo ta dubi Amatullahi. "Ke doguwa ce. Miƙe ki ja bakin zanen can."

Amatullahi ta dubi matan biyu. Ta miƙe ta kama gefen zanen ta ja. Ƙusa ta fita, buhun da ke bayansa ya ɓalle, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zubo a kan leda tim, da gara fari fat tana motsi a ciki. Azarar da ta bayyana ta lanƙwasa a tsakiya, ruwa na bin ta yana ɗiga.

"Inna lillahi," in ji Amatullahi a hankali. Ta ja da baya har ƙofa. "Inna, a nan kike kwana?"

"Ki duba bayan kabad kuma."

Gwaggo ta ɗauka cinikin ya mutu. Bai mutu ba. Washegari Alhaji ya zo da magini, ya ce a fitar da tsohuwa ya gani da idonsa. Aka kama ta aka zaunar a gindin rijiya, rana ta taɓa fuskarta har ta rufe ido. Ya shiga, ya soka makullin mota a azara, makullin ya nutse. Aka ture kabad. Ya fito yana karkaɗe hula.

"Kamalu, ka so ka cuce ni. Amma ni ba mai fushi ba ne. Unguwa ta yi min, rijiya ta yi min. Ɗakin ga rushe shi za a yi, katangar baya a tada ta tun daga tushe. Wanga aiki daga cikin kuɗinka zai fito."

Ya yanke farashin, yankan da ya fi aikin nesa ba kusa ba, don ya san Kamalu ya riga ya kama ɗaki a Gusau. Mamuda ya yi ta rantse-rantse cewa shi ma bai sani ba. Kamalu ya sallama. Alhaji ya biyo ta gindin rijiya zai fita, ya tsaya.

"Inna, Allah shi saka miki. Kin yi aikin Musulunci."

Ya sa hannu a aljihu ya ajiye mata goro biyu a gefen zane.

Da suka watse Kamalu ya tsaya a kanta. Bai ɗaga murya ba.

"Kina da rabo a gidan ga, na sani, ban manta ba. To abin da Alhaji ya zabge, shi ne rabonki. Kin ba shi da bakinki."

"Na ji. Mai da ni ɗakina na da, kafin ku tashi."

"Ɗakin Alhaji ne yanzu. Ba ni da ikon buɗe shi."

Aka mayar da ita ɗakin ƙurya, ba zane, ba buhu, ita da azara suna kallon juna. Tuwo ya riƙa zuwa a makare, a ajiye a bakin ƙofa ba magana. Idan hadari ya taso takan ja jiki ta zauna a dokin ƙofa, ƙafafunta a cikin ruwa, har ya ɗauke.

Ranar tashi, mota ta tsaya a ƙofar gida tun da hantsi. Aka loda gado da katifu da tukwane da buhun gero, har da turmi. Rahama ta zo da sandar ta jingina mata a bango, ta durƙusa tana kuka ƙasa ƙasa.

"Ki yafe min, Gwaggo."

"Ku sauka lafiya."

Kamalu ya ce ɗakin Gusau guda ne, shi da mata da yara, ba inda za a sa ta. Dalhatu na nan tafe daga Zurmi, da zarar hanya ta yi kyau. Ya bar mata kwanon gari da sukari. Ya ce zai kira.

Da Alhaji ya iso da leburori da diga, ya tarar da ita a inda take. Ya kira lambar Kamalu, a kashe. Ya kira ta Dalhatu, aka ce masa hanya ba kyau, a ɗan ƙara haƙuri. Ya tsaya yana juya waya a hannu.

"Ni gida na saya," ya ce wa Mamuda. "Ba a ce min da mutum a ciki ba."

"Alhaji, ai ka gan ta."

"Na gan ta a matsayin tasu."

Amatullahi ta ja shi gefe. Gwaggo na jin su.

"Alhaji, ba don ita ba da ɗiyanmu ne a ƙarƙashin wanga rufi. Ga ɗakuna. A ba ta ko ƙaramin."

"In na ba ta ɗaki yau, danginta sun huta ke nan, ba mai zuwa har abada. In ta mutu a hannuna kuma a ce mi? Tana da 'yan uwa. Ni ma ga tawa uwar." Ya mayar da wayar aljihu. "A sa ta a zaure kafin su zo. Ba korar ta na yi ba."

Haka aka shimfiɗa wa Gwaggo Ladidi tabarma a zauren gidan da aka haife ta, wurin zaman maza, inda tun tana budurwa ba ta taɓa tsayawa ba sai dai ta ratsa da lulluɓi. Kayan baƙi suka yi ta wucewa ta gabanta. Ɗakinta mai farar ƙasa aka buɗe wa uwar Alhaji. Daga ƙurya ta ji diga ta sauka sau kaɗan, sai wata ƙara mai nauyi, ƙura ta biyo tsakar gida har zaure. Leburorin suka fito suna dariya, suna cewa ba su taɓa cin kuɗin aiki a banza irin na yau ba.

A unguwar har yanzu idan ana zancen sayen gida, Alhaji Sha'aibu ake kawowa misali. Mutum ne da ya ɗanɗani rijiya, ya auna masai, ya bi ruwa ya ga inda yake fita, ya san sunan kowane maƙwabci da sana'arsa kafin ya biya. Malam Faruku kan ce samun maƙwabci irinsa sai an tona. Idan ya ratsa ta ƙofar zai shiga masallaci yakan leƙo ya ce, "Gwaggo, an samu sauƙi ke nan, har an fito shan iska." Matan da ke sayen daddawa suna wucewa su gaishe ta, su ce Kamalu bai kyauta ba, su ƙara sauri kada miya ta ƙone. Kowa ya san a zaure take kwana. Kowa kuma yana da dalilin da ya sa ba a gidansa za ta kwana ba.

Amatullahi na kawo mata abinci safe da yamma. Kullum sai ta tambaya ko an kira, kullum Gwaggo ta ce tukuna.

Wata ranar kasuwa Alhaji ya zo da mai walda. Ƙofar katakon zauren ba ta yi masa ba, ta ƙarfe yake so mai sakata biyu, zauren kuma za a riƙa ajiye buhunan hatsi a ciki kafin kaka. Mai waldan ya ja awonsa daga bango zuwa bango, ya iso inda take zaune.

"Inna, ɗan matsa."

Ta ja tabarmarta ta matsa. Ya auna, ya rubuta a tafin hannu, ya sake jan awon.

"Ƙara kaɗan, Inna."

Ta duba bayanta. Cikin gida ne, ba nata ba. Ta duba gabanta. Ta dafa sanda, ta ja tabarmar, har bakinta ya haura dokin ƙofa ya sauka a kan titi.

"Ya isa haka?" ta tambaye shi.

"Ya isa na yau," in ji mai walda.